Ranar da Na Riƙe wa Pam Katako

Jiya keke ya sauke ni a inda filin firamarenmu yake a da, na tsaya ina waige-waige kamar baƙo. Shaguna ne a jere sama da ƙasa, mai gyaran waya, mai atamfa, mai aski da janaretonsa yana ta kuka. A saman benen an buɗe wurin motsa jiki, ta gilashi na hango samari suna gudu a kan inji, kowa da abin ji a kunne, ba mai kallon wani. Na san wasu za su ce wannan shekarunsa nawa da zai fara mana zancen zamaninmu. Ku yi haƙuri. A Jos ba sai ka tsufa ba, ka ɗan yi tafiya kawai ka dawo, za ka tarar an gine yarintarka an sa mata rodi. A cikin keken dawowa na fara rubuta wannan a waya, in kun ga kuskure ramukan hanya ne.

Filin yana tsakanin Dutse Uku, inda gidanmu yake, da Anguwan Rukuba. Jar ƙasa ce, da shingen ƙerana ta gefe ɗaya, duwatsu ta baya, sai azuzuwa layi biyu suna kallon juna. A nan Masta yake koya mana kareti bayan an tashi 'yan makaranta. Masta kafinta ne, gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne, jikinsa yana ƙanshin garin katako. Ba mu taɓa kiran sunansa ba, ba na jin rabinmu ma sun san shi. Kafin a fara komai sai an yi shara. Kowa ya sunkuya ya tsince duwatsu da fasassun kwalabe, don ba takalmi ake yi ba. Wasu su ɗebo ruwa a rijiyar maigadi a yayyafa, wasu su rataye buhun garin katakon da muke naushi a jikin bishiya. Har yau in na ji ƙarar tsintsiya a kan busasshiyar ƙasa sai tafin ƙafata ya fara ƙaiƙayi. Masta yana ƙirga mana da wani yaren da ban tabbata shi ma ya iya ba, mu kuma mu amsa da ihu, duwatsun baya su dawo mana da shi. In an kira la'asar, mu 'yan Dutse Uku mu hau baranda mu yi salla, su Pam 'yan Anguwan Rukuba su ci gaba da miƙe ƙafa suna jiran mu. Ranar Juma'a ba a zuwa, ranar Lahadi ma haka. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga dalili, haka muka tarar.

Ni kuwa, bari in faɗi gaskiya tun yanzu, matsoraci ne. A lokacin ina da shekara sha bakwai amma kare ya yi haushi a lungu na uku sai na canza hanya. Allura, tsawa, faɗan manya, duk ɗaya ne a wurina. Kuma tsorona a ido yake. Abu ya taso mini, ko ƙuda ne, idanuna sun rufe, kafaɗuna sun ja baya kafin ma in san me ake ciki. Babana tela ne, ya sha ce mini in haka zan riƙa yi a kan keken ɗinki wata rana zan ɗinke yatsana da rigar mutane. Abin da ya kai ni filin ke nan. Na zaci za a koya mini duka, in na iya duka tsoro zai tafi.

Masta ba ya fara koya wa mutum duka. Yana da wani abu da yake kira bango. Za ka tsaya ka jingina bayanka da bangon aji, hannuwanka a ƙasa. Shi kuma ya tsaya gabanka da hannayensa a baya, yana riƙe da wani tsohon gwangwanin madara cike da murafen kwalba, ja, kore, rawaya, shuɗi, fari. Ya zaɓi ɗaya a bayansa, ya dunƙule, ya kawo maka naushi da dukkan ƙarfinsa. Saura kamar faɗin yatsa biyu ya taɓa hancinka sai ya tsaya cak, ya buɗe hannun, ya rufe. Iskar naushin kawai za ka ji a fuska. Daga nan ya tambaye ka kalar murfin. In ka rufe ido ba ka gani ba, shi ke nan, koma layi. Wasu suna cewa ai ba su ji tsoro ba. Amsarsa kullum ɗaya ce:

"Ban tambaye ka ko ka ji tsoro ba. Wane kala ka gani?"

Wanda ya faɗi daidai sau goma a jere, an ce ya ci bango. Mutane suna yin wata shida, wasu shekara, ba su ci ba.

Ni na ci a wata biyu. Ga yadda aka yi. A layin azuzuwan da ke kallonmu duk tagogin sun farfashe, saura ta ofishin hedimasta mai gilashi ɗaya. Wata rana ina jingine, zuciyata tana dukan uku-uku, sai na lura ina ganin bayan Masta a cikin gilashin nan, har da yatsunsa a cikin gwangwani. Na ga ya ɗauki ja. Naushi ya taso, na rufe ido kamar kullum, na buɗe, na ce ja. Ya sake, na sake. Ƙiftawar da sauri take, shi kuma hannunsa yana tare masa fuskata daidai lokacin. Daga ranar na san inda zan tsaya, wajen wani tabon siminti. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Kamar leƙen amsa a jarrabawar da ba wanda zai cutu. Ranar da na cika goma Masta ya dafa kaina a gaban kowa, ya ce ga yaron da ya zo yana tsoron inuwarsa. Pam ne ya fara kira na Ido, sunan ya bi ni har gida. Na ji daɗinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ba a taɓa yabona da jarumta ba kafin nan.

Pam ya girme ni da shekara uku, shi ne babba a cikinmu. Dogo, baƙi, da dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Mahaifinsa ya rasu, mamansa tana sayar da dankali da kabeji a bakin hanya, shi yake ɗauko mata buhu daga tasha kafin ya zo fili. Abu ɗaya yake so a duniya, aikin soja. Tafiyarsa ma ta fareti ce. Muna ce masa Soja, yana sara mana. Ya riga ya cike takardu, ranar tantancewa ta kusa, kuma ya haddace duk abin da ake dubawa. Ya ce za a tuɓe ka, a auna tsawo da ƙirji, a duba tafin ƙafa, a ce ka ware yatsu ka dunƙule, sannan gudu. Kullum bayan mun tashi sai ya raka ni har kwanar gidanmu yana tsokanata, wai in ya zama ofisa zai ɗauke ni in riƙa guge masa takalmi, tunda telan gida ne ni, na san darajar kaki. In ce masa kurtu ba ya da mai guga. Ya ce, "Malam, kana raina gwamnati."

Duk shekara ranar rabon kyaututtuka hedimasta yakan ce mu zo mu yi wasa a gaban iyaye. Da haka muke gode masa da ya bar mana fili. Abin da kowa yake jira shi ne fasa katako, kuma a shekarar nan Pam ne zai fasa, da hannu, katako biyu a haɗe. Masta da kansa yake yanko su a shagonsa. Ba a gwaji da su, don ba su da yawa, kuma a cewarsa katako sau ɗaya ake tambayarsa. Mai fasawa ya yi ta naushin buhu, mai riƙewa ya yi ta tura bango da miƙaƙƙun hannuwa, ranar wasa su haɗu. Masta ya sha gaya mana cewa mai riƙewa ya fi mai fasawa aiki. Ka kafe ƙafa, ka ƙulle gwiwar hannu, ka zama kamar ginin siminti. In ka ja baya ko da faɗin yatsa ne, katakon ba zai fashe ba, ƙarfin naushin gaba ɗaya zai koma cikin ƙashin mai naushin. Shi ya sa ba ya ba kowa riƙo sai wanda ya ci bango. A shekarar, ban da Pam, ni kaɗai ne na ci.

Sati biyu ne kawai tsakanin wasan da tantancewar. Masta ya kira Pam gefe, ina tsaye ina naɗe igiyar buhu, ya ce masa a bari wani ya fasa, ko a sauke zuwa katako ɗaya, hannun nan yana da aiki a gaba. Pam ya yi dariya ya nuna ni da haɓa.

"Masta, Ido ne fa zai riƙe. Me zai faru?"

Masta ya kalle ni, ya gyaɗa kai, ya ce to.

Satin nan ban ci abincin kirki ba. Mama ta zaci zazzaɓi ne, ta dafa mini ganye. Sau uku ina shirya maganar. Sau ɗaya har na bi Masta shagonsa, na tarar yana goge katakon da takardar yashi, ya miƙo mini ya ce in ji santsinsa, na shafa na ce ya yi kyau, na dawo gida. Na riƙa gaya wa kaina ai riƙewa da hannu ake yi ba da ido ba, in na rufe ido ma me zai hana hannuna tsayawa. Na san ƙarya nake. Na san kafaɗuna tare suke tafiya da idanuna. Amma in na tuna sunan nan, da yadda yaran layinmu suka fara matsa mini hanya, sai bakina ya yi nauyi. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya, na zaɓi wanda ba za a gani ba.

Ranar wasan an kafa rumfuna, lasifika tana ta ƙara, iyaye mata da laima saboda hadari ya haɗo. Maman Pam ta rufe teburinta ta zo, tana zaune a gaba da sabon ɗankwali. Muka yi jerin motsinmu, aka tafa. Masta ya miƙo mini katakon, ya gyara mini yatsu a gefuna, ya buga kafaɗata. Na kafe ƙafa. Pam ya rusuna, ya matso, ya auna hannunsa a tsakiyar katakon sau ɗaya, sau biyu, a hankali. Ya ƙifta mini ido. Ya ja numfashi.

Ban ga sauran ba. Abin da na sani, na ji ƙara, kuma ba ƙarar katako ba ce. Katako in ya fashe ƙararsa a bushe take, tas. Wannan a dushe take, kamar an yar da buhun dankali. Da na buɗe ido katakon yana nan lafiyarsa, ya karkata a hannuna, ya kusa taɓa ƙirjina. Pam yana tsaye ya mayar da hannunsa baya, fuskarsa ta yi toka. Ya rusuna wa jama'a kamar yadda aka koya mana. Wasu yara suka yi dariya, mai lasifika ya ce a tafa masa haka nan. Masta ya karɓi katakon ya ɗora a kan bulo biyu ya fasa da kansa don a rufe taron.

Ƙashin bayan ƙaramin yatsa ne ya karye. Aka naɗe hannun da filasta har gwiwa. Ba wanda ya kalle ni. Idon Masta yana kan ƙafafun Pam da kafaɗarsa a lokacin, idon jama'a yana kan mai naushi. Kowa ya ce Pam ne ya karkata hannu. Shi ma ya yarda. Da na je duba shi a asibiti shi ne ma yake ba ni haƙuri, wai ya yi gaggawa, ya ba mu kunya ni da Masta. Na ce Allah ya sawwaƙe. Abin da na iya faɗa ke nan. Ranar tantancewa ta zo ta wuce yana zaune a ƙofar gida da hannu a rataye. Shekarunsa sun ba shi dama ɗaya kawai a gaba, ta baɗi. Kuma da aka cire filastar, ƙaramin yatsan ya ƙi lanƙwasuwa sosai. Likita ya ce ya riƙa matsa ƙwallo, wataƙila ya saki.

Na daina zuwa fili kusan wata guda. Ranar da na koma, na jira kowa ya watse, na ce wa Masta ina so a yi mini bango. Ya ce ai na ci. Na ce a yi mini a bayan aji, inda ake zuba shara. Ya ɗauko gwangwaninsa ya biyo ni. Wurin ba taga, dutse ne kawai a bayansa. Sau goma ya kawo naushi. Sau goma na ce ban gani ba. A na ƙarshe ya sauke hannu, ya zagaya gaba, ya tsaya a wajen tabon simintin nan ya jingina. Na ga lokacin da idonsa ya faɗa kan gilashin hedimasta. Ya daɗe a wurin. Ya dawo ya zauna a kan dutse, ya cire fensir daga kunne yana juya shi. Na zaci zai kore ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

"Shekara nawa ina yin abin nan, ban taɓa duba bayana ba," ya ce. "Wannan laifina ne. Sauran naka ne. Ka gaya masa?"

Na ce ba zan iya ba.

"Na sani. Ka zo gobe da asuba, kafin 'yan makaranta."

Wannan ne lokacin da na fara koyon kareti, duk na baya rawa ce. Kun san sanyin Jos da damina, lokacin da hazo yake sauka a kan duwatsu har ba ka ganin ƙarshen fili. A cikinsa Masta yake tsayar da ni da kofin ruwan rijiya, ya tsoma yatsu ya watsa mini a fuska, ya ce in bar ido a buɗe. Da na saba da ruwa ya koma tafin hannu, a hankali, sannan naushi. Ya hana ni kallon hannun. Ya ce in kalli ƙirjin mutum, daga nan komai yake tasowa, hannu ɗan aike ne kawai. Ya lura ina riƙe numfashi in abu ya taso, ya ce in fitar da shi ta baki, a hankali, kamar mai hura koko. In saki muƙamuƙi. In ji yatsun ƙafata a ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki, kafin kowane naushi sai ya tambaye ni a ina tsoron yake yanzu. Da farko na zaci zolaya ce. Ya ce a'a, in nemo shi in faɗa. Sai in ce a ciki. Gobe in ce a gwiwa. Wata rana a maƙogwaro. Ya ce to, bar shi ya zauna a nan, kai kuma ka duba mini kala. Bai taɓa ce mini in zama namiji ba, bai taɓa ce mini babu abin tsoro ba. Ya ce shi ma har gobe in zarton inji ya tashi a shago cikinsa yana juyawa, kuma ranar da ya daina juyawa ranar zai rasa yatsa.

Yanzu ina ganin yara a waya, an haɗa musu bidiyo na minti ɗaya da kiɗa, wai yadda za ka kashe tsoro. Ƙanena ma yana turo mini. Ba na musu dariya, ni ma gilashi na leƙa, nasu dai a aljihu yake. Amma abin da na samu a bayan ajin nan ba ya shiga minti ɗaya. Sati bakwai na yi kafin in ga murfin farko. Kore ne, da ɗan tsatsa a gefe. Kuma ba wai tsoron ya tafi ba ne. Zuciyata tana bugawa kamar ranar farko. Abin da ya canza, tsakanin tasowar tsoron da rufewar idona an samu wani ɗan fili, ƙanƙani, kamar faɗin yatsa biyun nan. A cikinsa mutum yana iya zaɓa. Da na faɗi kalar Masta bai yabe ni ba. Ya mayar da murfin cikin gwangwani, ya ce Pam yana gida da yamma.

Tun daga kwanar Anguwan Rukuba ƙafafuna suka fara cewa mu koma. Na nemo tsoron, yana gwiwa. Na fitar da numfashi na ci gaba. Mamansa tana tsakar gida tana ware dankalin da ya fara lalacewa, na durƙusa na gaishe ta, ta ce ɗana ka ɓuya, abokinka yana baya. Na same shi a kan benci yana matsa wani tsohon ƙwallon roba. Ya rame. Ya ganni ya yi murmushi, ya ce Malam, an tuna da kurtu. Ban zauna ba. Na kalli ƙirjinsa, sannan na ɗaga na kalli fuskarsa, na gaya masa komai. Gilashin, tabon simintin, ranar da ya nuna ni da haɓa na yi shiru, da yadda katakon ya dawo ƙirjina. Na ce ba shi ya karkata hannu ba, ni na ja baya.

Ya ajiye ƙwallon a kan benci. Ya tambaye ni sau ɗaya ko tun kafin ranar na sani. Na ce na sani. Ya miƙe.

Da hagu ya kawo naushin. Na ga kafaɗar ta motsa, na ga hannun ya taso, na ga har tabon ƙuna a bayan yatsunsa. Ina da lokacin kaucewa, Masta ya koya mini. Na tsaya. Shi ne naushi na farko a rayuwata da na gani tun daga tasowarsa har saukarsa. Na faɗi a kan buhunan mamansa, bakina ya cika da jini. Ta zo da gudu tana tambayar lafiya. Pam ya ce mata wasa muke, ya shige ɗaki. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar, ta ɗebo mini ruwa a kofi ba ta ƙara tambaya ba.

Wata tara bai yi mini magana ba. Bai kuma gaya wa kowa ba. A fili ana ci gaba da kira na Ido, kowane kira kamar an taka mini ciwo, na roƙi a daina aka zaci tawali'u ne. Ina jin labarinsa daga nesa, wai yana jiƙa hannun a ruwan zafi safe da yamma, wai an kai shi wajen mai ɗori a ƙauyensu, wai yatsan ya ɗan saki. Ranar nan ina shagon babana ina saka maɓalli sai na ga inuwa a ƙofa. Pam ne. Ya gaida Baba, ya ce mini ba tare da ya kalle ni ba, gobe tantancewa, ƙarfe shida, in ba ni da abin yi.

Muka tafi tare a mota. A bakin ƙofar bariki ya cire agogo da rigar sanyi ya miƙo mini, ya shiga layi. Masu rakiya muka zauna a tsallaken titi. Wani dattijo da ya kawo ɗansa ya gaya mini yadda ake ganewa. Ya ce waɗanda suka wuce duba jiki sai yamma suke fitowa, don akwai gudu a gaba. Wanda ka ga ya fito kafin azahar, to kar ka tambaye shi komai.

Wajen sha ɗaya na hango shi. Doguwar hanya ce daga ciki zuwa ƙofar, kuma shi kaɗai ne a kanta, da gajeren wando, yana tafiyar nan tasa ta fareti. Duk jikina ya ce in sunkuyar da kai, in yi kamar ina gyara agogon, in ba shi lokaci, in ba kaina. Tsoron yana maƙogwaro a ranar. Na miƙe tsaye na kalle shi har ya tsallako titi ya tsaya a gabana.

"Sun ce in dunƙule," ya ce.

Ya ɗaga hannun daidai fuskata ya dunƙule. Yatsu huɗu suka rufe. Ƙaramin ya tsaya a rabin hanya yana rawa. Ya bar shi a wurin ya daɗe, ya fi duk wani naushin Masta daɗewa. Ban kau da kai ba.

"Ka gani?"

"Na gani."

"To ba ni rigata, sanyi nake ji. Mu je ka kai ni wajen mai shayi."

Pam walda yake yi yanzu, ƙofofi da tagogi, yana da shago da yara biyu mata. Da Salla yana zuwa cin naman gidanmu, da Kirsimeti matarsa tana aiko mana da shinkafa. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, ba na jin haƙƙina ne in tambaya. In mun haɗu da hannun daman nan yake ba ni gaisuwa, ni kuma da hannu biyu nake karɓa.